Fayil ɗin Malam Idirisu

Duk saurayin da ya ƙara shigowa ofishina a Bab Makka ya ɗaga min waya ya ce, "Ya ammi," wato kawu da Larabci, "ai wannan ma tana fassara," wallahi sai na haɗa shi da ƙamus ɗin nan nawa mai nauyin ɗan rago. Shekara ashirin da bakwai ina fassara takardu a garin Jidda, Larabci da Turanci da Hausa, har gashin kaina ya gaji ya gudu ya bar ni da sanƙon da direbobi ke kashe wa fitila, sannan wanda aka haifa ina zaune kan wannan kujerar ya zo ya ce min aikina ɗaukar hoto ne. To ku gyara zama, ku tura wayoyin nan aljihu, in gaya muku abin da ake kira fassara.

Takardar farko da aka ba ni ta asibiti ce, layi tara kacal. Maigidana a lokacin Ustaz Bashir ne, Bahaushen Sudan, dogo siriri, wanda in ya tsaya a ƙofa sai ka ɗauka sandar labule ce aka jingine. Na zo daga gida da takardar makaranta da girman kai buhu guda. Kafin shayinsa ya huce na gama na miƙa masa. Ya duba, ya yayyaga, ya zuba min a tafin hannu ya ce, "Sabo, hatimin likitan fa? Ko shi ba ya magana?" Na tsallake hatimi, na tsallake ɗan rubutun biro da ke gefe, wanda kuma shi ne ke cewa kada a ba mutumin wani magani. Daga ranar ya kafa min doka: sai na karanta takarda sau uku kafin in taɓa alƙalami, kuma da rular ƙarfe a ƙarƙashin kowane layi, don kada ido ya yi tsalle. Shekara biyu ina bugawa a tafireta, ɗaya ta Larabci mai tafiya hagu, ɗaya ta Turanci mai tafiya dama, har wuyana ya koyi juyawa kamar fanka, kafin ya yarda in riƙe hatimin ofis. Hatimin nan shi ne sana'ar. In ka buga shi, ka ce wa hukuma ke nan: abin da ke can shi ne ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba.

Masu kawo aiki kuwa, kowa da irin ragin da yake so a yi masa. Wani dattijo ya taɓa kawo takardar haihuwarsa don gyaran iƙama, wato katin izinin zama, ya raɗa min a kunne in sauke masa shekara goma. Na ce, "Alhaji, in na sauke a takarda, gwiwoyin fa wa zai sauke musu?" Wani kuma wasiƙa ya rubuta da Hausa zuwa ga kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, zagi tun daga bisimilla har wassalam, ya ce in mayar da ita Larabci amma ta fito da ladabi. Na ce wannan ba fassara ba ce, wanki ne, ya gangara layin baya akwai masu guga.

Shekarar korona ce ta kusa kai ni ƙasa. Babu mai Umara, babu mai neman biza, Bab Makka ta yi tsit har kana jin tafiyar kyanwa daga ƙofar kasuwa. Aikin da na samu a watannin nan shi ne littafin bayanin injin wanki, da takardun cikin kwalin magani. Har yau in kuka tashe ni daga barci zan gaya muku yadda ake wanke bargo da harshe uku. Da aka buɗe gari kuma sai na tarar kowa ya koyi haska wa takarda waya. To a kan wannan haskawar ce zan ba ku labarin aikin da har gobe in na tuna shi sai na ji kaina ya ɗau zafi.

Wata safiya Hajiya Ladi ta shigo, tsohuwa ce 'yar unguwar Waziriyya, ta haura saba'in da biyar, tana rungume da wani ƙunshi a cikin ɗankwali. A bayanta akwai Adil, ɗan ƙaninta marigayi, magidanci mai kula da sito a unguwar masana'antu. A Jidda aka haife shi, yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ya haɗa da Larabci kamar mai haɗa shinkafa da wake.

Ta ajiye ƙunshin ta ce, "Malam Sabo, ka raba ni da yaron nan kafin in tsine masa."

"Subhanallahi, Hajiya, da sassafe? Me ya yi?"

"An yi masa haihuwa, namiji, bayan mata uku. Yau kwana uku. Tun cikin yana wata biyu muka gama magana sunan Baba za a sa. Yanzu ya ce ya fasa."

Adil ya ce, "Ya ammi, halas, ni na karanta. Ba zan sa wa walad sunan wanda aka kora saboda ƙarya ba. Gobe a ce masa jikan kazzabi?"

"Ka ji ko? Ka ji bakinsa? Uban ubansa yake kira maƙaryaci!"

Da na lallashe su suka zauna, ga yadda abin yake. Mahaifin Hajiya, Malam Idirisu, akawu ne a can gida, daga baya aka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki ta yankinsu a ƙarshen zamanin Turawa, lokacin da aka fara naɗa 'yan ƙasa ministoci amma Gwamna Bature na nan a sama. Wata rana ya tattara iyalinsa ya biyo hanyar Sudan ya zo aikin Hajji, bai koma ba. A Jidda ya ƙare rayuwarsa yana sayar da yadi, bai taɓa gaya wa kowa abin da ya raba shi da majalisa ba. Abin da ya bari shi ne wannan ƙunshin takardu, ɗaure da zaren ofis. Hajiya ta adana shi a adakarta, ta hana kowa kwancewa, don a cewarta ƙullin da Baba ya yi da hannunsa ba mai warware shi. Shi kuwa Adil, da murnar haihuwa, ya so ya sa wa wata takardar kakansa gilashi ya rataye a falo ranar suna. Tunda an hana kwancewa, sai ya haska wa ta saman waya. Waya ta ce masa: an soke rahoton kwamiti, an goge shi daga kundin majalisa, an dakatar da Malam Idirisu saboda halin da bai dace da ɗan majalisa ba. Kafin ya yi tunani ya tura wa zauren dangi na waya. Daga Jidda har Makka, kowa ya kwana da labarin.

Na ce, "Adil, takarda nawa ka karanta?"

"Wahda. Ta farko."

"Ta ƙarshe dai ka karanta."

Ku saurara nan, don wannan ba a koyar da shi a waya. Fayil ɗin ofis na zamanin da ba littafi ba ne. Akawu yana huda takarda ya zura a zare, gobe in wata ta zo ya ɗora a kanta. Ta ƙasa ita ce farkon magana, ta sama ita ce ƙarshe. Malam Idirisu kuwa akawu ne har ƙashinsa, yadda ya saba a ofis haka ya jera nasa. Wanda ya fara daga sama kamar wanda ya shigo kotu ne ana cewa a tafi da shi, ya fita yana ba da labarin shari'a.

Na ce wa Hajiya sai an kwance. Sai ta ce wa Adil ya je ya duba motarsa kada a rubuta masa tara. Yana fita ta matso.

"Ɗan nan, tun ina yarinya na ji matan gidanmu suna raɗa wai Baba ya durƙusa ya nemi gafarar wani minista. In ka tarar da wurin, ka tsallake."

"Hajiya, ba na tsallakewa."

"Ni fa na haifi kamarka."

"Kin haifi wanda ya fi ni ma. Amma in na tsallake layi ɗaya don ke, me zai sa Adil ya yarda da sauran? Ko dai in fassara duka, ko ki mayar da shi adaka."

Ta harare ni har na ji sanƙona yana zufa. Sannan ta sa haƙori ta kwance ƙullin da kanta.

Kwana biyu na rufe ƙofa a kan fayil ɗin nan. Yawancinsu kwafin kabon ne, takarda mai laushi kamar ɓawon albasa, rubutun ya koɗe, sai da gilashin ƙara girma. Na kifa shi, na fara daga ƙasa.

Ta farko koke ne daga wasu ƙauyuka na mazaɓarsa. Kurkunu ya gama da ƙafafun mutane saboda ruwan tafki, majalisa ta amince a haƙa musu rijiyoyi, shekara ta zagayo ba su ga ko diga ba, amma sun ji an haƙa a garin surukan wani minista. Ta biyu tambaya ce da Malam Idirisu ya yi a zauren majalisa. Amsar minista layi ɗaya ce, wai ana duba lamarin. Ya sake tambaya, aka ce ana kan dubawa. Mutanen nan sun fi likitan ido duba. Sai ya kawo shawara a kafa kwamitin bincike, 'yan majalisa suka yarda, aka sa shi shugaba. Kwamiti ya aika wa minista sammaci: ya zo ranar kaza, ya taho da fayil ɗin rijiyoyi, ya yi rantsuwa ya ba da amsa.

Minista bai zo ba. Abin da ya zo shi ne shafi shida daga lauyan gwamnati, Bature, kuma a nan ne na cire tabarau na goge na sake sawa.

Ga abin da ya ce, in taƙaita muku. Wannan majalisa ba da kanta ta tsiro ba, takardar tsarin mulki da aka rubuto daga ƙasar Turawa ce ta haife ta, don haka ba ta da wani iko sai wanda aka rubuta mata a ciki. An rubuta mata ta yi doka, ta yi muhawara, ta yi tambaya. Ba a rubuta mata ta tilasta wa mutum zuwa ba, ko ta rantsar da shi, ko ta hukunta shi in ya ƙi. Gaskiya ne majalisar can ƙasarsu tana yin duk wannan, amma ita ta gaje shi ne daga tsohuwar al'adarta, kuma wannan gadon ba ya tsallako teku sai an rubuta. Fayil ɗin ma'aikata kuwa na gwamnati ne, minista ya yi rantsuwar riƙe sirrin majalisar zartarwa, ba zai buɗe shi ba sai da izinin Gwamna. In ana son binciken da ke da haƙora, Gwamna kaɗai ke da ikon kafa shi.

Na tashi na zagaya teburina sau bakwai kamar mai ɗawafi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, na bi maganar lauyan nan layi layi da rula ina neman inda ya yi ƙarya, ban samu ba. Daidai ya karanta takardarsu. Haka suka rubuta ta! An gina wa mutane zaure, an sa musu kujeru masu laushi da fanka da ƙararrawa, an ce ku wakilan jama'a ne, ku yi tambaya yadda kuke so. Amma wanda kuke tambaya in ya ga dama ya amsa, in bai ga dama ba ya tafi cin abinci. Kuma mutum ɗaya da zai iya ce masa dawo nan shi ne wanda ya naɗa shi. Ni da nake ɗan tafinta a Bab Makka, in na ce wa mai shayi zo, yana zuwa.

Malam Idirisu ya rubuta wa Gwamna yana roƙon a kafa binciken. Amsa ta zo cewa Mai Girma bai ga buƙatar hakan ba a halin yanzu. Sai kwamiti ya rubuta rahoto da abin da ya samu daga bakin mutanen ƙauyukan, shi kuma ya miƙe a zaure ya karanta, har da cewa an kira minista ya ƙi zuwa. Shugaban majalisa ya tsayar da shi, ya ci gaba. Aka sake tsayar da shi, ya ci gaba har ya kai aya.

Ta biyun ƙarshe ita ce wadda Hajiya ke tsoro. Takardar neman gafara ce, an buga ta tsaf a tafireta da sunansa: ya yi nadamar wuce iyaka, ya janye duk abin da ya faɗa a kan mai girma minista. Na fassara ta kalma kalma, ban sassauta ko ɗaya ba. Da na iso ƙasa na sa gilashi. Na ɗaga ta a hasken taga. Na shafa bayanta da yatsa ko alƙalami ya taɓa dannawa. Sannan na rubuta abin da na gani, na buga hatimi.

Ana jibi suna na kira su, Hajiya ta ce a'a, gida zan zo, a gaban kowa, tunda a gaban kowa aka ɓata shi. Washegari bayan la'asar na isa Waziriyya na tarar falo ya cika, maza a gaba, mata a bayan labule, ƙamshin soyayyen nama yana shigowa daga kicin yana raba min hankali biyu. Na karanta da Larabci don matasa, ina juyawa da Hausa don tsofaffi. Da na kai kan shafukan lauya, wani kawunsu ya ce, "Yani majalisar ba ta iya kiran minista?"

"Tana iya kira, Alhaji. Shi ne ba dole ya ji ba."

"To me amfaninta?"

"Wannan tambayar ta fi ƙarfin hatimina."

Adil yana tsaye jikin ƙofa da hannu a ƙirji. Ya ce, "Tayyib, ya ammi. Amma ministan, ya yi ko bai yi ba?"

"Ban sani ba."

"Kef ba ka sani ba? Kwana biyu kana karatu!"

"Ko shekara biyu na yi ba zan sani ba, don babu a ciki. Wataƙila ya karkatar da rijiyoyin, wataƙila ƙazafi aka yi masa. Fayil ɗin da zai nuna ba a buɗe shi ba. Babu inda aka ce kakanka ya yi ƙarya. An ce ne ba shi da ikon tilasta a ba shi amsa. An soke rahoton don kwamitin ya wuce iyakar da aka shata masa, ba don an bincika an ga babu gaskiya a ciki ba."

Sai na ɗauko ta neman gafarar. Na fara karantawa. Na ji an ja numfashi a bayan labule, na san ko wace ce. Adil ya kaɗa kai ya ce, "Shuf. Ga shi nan. Ya janye."

"Ban gama ba. Saura layin mai fassara." Na karanta: "A ƙasan takardar akwai gurbin sa hannu da gurbin kwanan wata. Dukansu babu komai a ciki."

"Yani?"

"Yani an buga masa, an miƙa masa, ya ninke ya sa a aljihu. Wannan ba kwafi ba ce, ita ce ta ainihi, wadda ya kamata ta koma ofis da sa hannunsa. Ga ta a Waziriyya. Takardar da ke samanta, wadda ka haska wa waya, ita ce sakamakon ƙin sa hannun."

Ya karɓe ta daga hannuna, ba ko sallama. Ya kai ta taga ya ɗaga, ya juya bayanta, ya kawo ta dab da hanci kamar zai sansana tawada. Ya daɗe a haka. Labule ya motsa, Hajiya ta leƙo.

"Malam Sabo, ka ce bai sa ba?"

"Bai sa ba, Hajiya."

"Shekara sittin da wani abu ina ɓoye takardar nan don kada a ga inda ya durƙusa." Ta juya ga Adil. "Kai kuma, mai waya, sai ka tura musu wannan ɗin ma."

"Goggo, wallahi ana asif..."

"Da Hausa!"

Ya ce, "Na yi kuskure, Goggo."

"Ba ni za ka gaya wa ba. Zauren da ka tura wa za ka gaya wa, har na Makka."

A tsaye a wurin ya ɗauki hoton fassarar shafi shafi, wannan karon daga ta ƙasa, ina tsaye a kansa da rula ina nuna masa wadda ke bin wata.

Da safe na koma, don ba a yi tafintan da zai karanta shafi ashirin a gidan suna ya bar naman ga wasu ba. Liman ya tambayi sunan yaro. Adil ya ce Idirisu, da ƙarfin da sai da jaririn ya firgita a ɗaki. Aka shafa fatiha, aka fito da shi aka ɗora wa Hajiya a cinya. Ita kuwa ba ta iya kiran sunan, tunda na mahaifinta ne. Ta gyara masa hula, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. A can sun hana ka amsa. A gidan nan, duk wanda ka kira sai ya zo."